Gajere da Almakashin Kakansa

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada takardata ta daɗe a layi, domin ƙarshen watan nan nake jin tsoro. Ni tela ne, ɗan tela. Ban saba dogon rubutu ba, in kin ga ina kewaye-kewaye ki yi mini haƙuri.

Ina da ɗa, shi ne babba a cikin 'ya'yana, shekarunsa goma sha shida. Gajere muke ce masa, saboda da yana ƙarami duk sa'o'insa sun fi shi tsawo. Bara waccan ya miƙe kamar an ja shi da igiya, yanzu sai na ɗaga kai nake kallon idonsa, amma sunan ya bi shi. Yana sakandare, saura masa shekara guda da 'yan watanni ya gama. In ya taso daga makaranta yakan zo shago ya yi guga, ya sa maɓallai, ya yi kalmasa.

A shagonmu akwai doka ɗaya da na gada: kowa na iya hawa keke, amma yanka na mai shago ne. Almakashin da nake yanka da shi na mahaifina ne, baƙi mai nauyi, an wasa shi har bakinsa ya sirance. A durowar teburin yanka yake kwana. Ina da masu koyon aiki biyu, ɗayansu har gemu gare shi, amma ba wanda ya taɓa ɗora hannu a kan almakashin nan. Ni kaina sai da na shekara uku ina yanka takardar buhun siminti da wani tsohon almakashi mai giɓi, kafin Baba ya miƙo mini nasa ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ko bayan nan ma shi ke zana alli ni ina bi, yana tsaye a bayana har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Gajere kuwa ban taɓa sa shi yankan takarda ba. Na ce a raina ɗan makaranta ne, ya ji da littattafansa, in ya gama sai a yi maganar yanka.

Watannin baya aka yi wa mahaifiyarsa tiyata, abin ya zo da tsanani. Sai da na tare a asibiti. Ranar da za a kwantar da ita na kira Gajere a bakin ƙofar asibitin, na danƙa masa makullin shago, na dafa kafaɗarsa na ce masa shi ba yaro ba ne yanzu, gida da shago da ƙannensa duk na bar masa. Wallahi Malama ya riƙe. Shi ke tashin ƙannensa ya shirya su, ya raka autarmu makaranta, ya wuce tasa. In ya taso ya buɗe shago, ya ɗauki awon masu kawo ɗinki, ya kai wa wani abokin sana'ata ya yanka, ya dawo ya raba wa yaran shago aiki. Mai gemun nan da ya girme shi nesa ba kusa ba ya bi umarninsa. Ba wanda ya kawo mini ƙararsa ko sau ɗaya. Da yamma ya zo asibiti da abinci a kwano, ya zauna a gefen gadon uwarsa yana ba ta labarin gida, yana rage na ɓacin rai.

Da Allah ya ba ta sauƙi muka dawo gida, na koma shago. Na miƙa hannu ya ba ni makulli, na nuna masa tarin guga. Ban ga abin magana a ciki ba, ai mai shago ya dawo. To daga nan yaro ya canza. Ya daina zama cin abinci da mu. Ya sa wa ƙofar ɗakinsa sakata. In na yi masa magana sai “to” da “na ji”. Kullum kansa na kan waya, na zaci shirme yake kallo, ashe ƙanwarsa ta ce masu koyar da yanka yake bi.

Ranar da abin ya faru na tafi kasuwa sayen zare. Wani ma'aikacin asibiti, mutumin kirki da ya taimake mu lokacin jinya, ya zo da yadi yana son riga mai dogon hannu cikin gaggawa. Gajere ya ɗauki awo, ya buɗe durowa, ya ɗauko almakashin kakansa ya yanka. Yadin irin mai fuska da baya ne. In za a yanka hannu, ninka yadi ake yi fuska na kallon fuska, don a sami na dama da na hagu. Shi sai ya shimfiɗa ya yanka ɗaya, ya ɗora shi a haka ya yanka na biyu. Hannaye biyu suka fito duk na dama, kuma ba sauran yadin da zai fitar da wani.

Na shigo na tarar da almakashi a kan tebur. Zuciya ta ɗebe ni. A gaban mai yadin da yaran shago na ɗaga hannayen nan biyu sama, na ce a nuna mini mutumin da Allah ya halitta da hannun dama biyu in ɗinka masa. Na ce yaro yaro ne ko kansa na taɓa rufi, Gajere kuma har gobe Gajere ne. Yaran shago suka tuntsire da dariya. Shi bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, idonsa ya ciko, ya ce lokacin da Mama ke kwance shi ba yaro ba ne, yau kuma yaro ne, don Allah in zaɓi ɗaya in gaya masa don ya san inda zai tsaya. Na ce ya fita mini daga shago. Ya fita, ashe har gidan ya bari. Yana wajen yayata yau kusan mako uku ke nan. Makaranta ma, yayar tawa ta ce, wani lokaci yana zuwa, wani lokaci ba ya zuwa.

Bayan ya tafi na duba sauran yankan. Gaskiya ɗaya ce, jikin rigar ya fita, wuyan ma da ke ba manya wahala ya zauna daidai. Hannun ne kawai.

Yanzu ga inda na rasa tudun dafawa. Mijin yayata direban babbar mota ne, mai doguwar tafiya. Gajere ya roƙe shi ya ɗauke shi yaron mota in zai tashi ƙarshen wata, shi kuma ya ce ba ya hana namiji neman na kansa. Mahaifina, wanda idonsa ya raunana, kullum yana zaune a benci a ƙofar shago, ya ce laifina ne da na makaranta. Wai yana sa'an Gajere shi ke ciyar da gidansu, wai zamanin nan ne ake ajiye ƙato mai gashin baki a aji ana ce masa yaro har ya lalace. Shawararsa a cire shi daga makaranta a ba shi almakashi, magana ta ƙare. Uwarsa kuma, da ba ta gama warwarewa ba, kuka take yi, ta ce yaron da har yau ita ke nemo masa safarsa da safe, shi za a ce wa babba? Ita so take a hana shi shago gaba ɗaya sai ya gama karatu. Na je wajen malamin ajinsu, ya ce shekarun ne, tashen samartaka ne, duk haka suke, in yi haƙuri zai wuce. Wani maƙwabcina mai shagon magani ya ce ai ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya haura ashirin. Na ce to ni da aka ba almakashi ina sha huɗu, da ɗanyar ƙwaƙwalwa na riƙe shago ke nan?

Malama, ke kika yi karatu kuma kin san yara. Wannan abin da ake ce wa samartaka, wanda mutum ba yaro ba kuma ba babba ba, halitta ce ko makaranta ce ta ƙirƙiro shi? In halitta ce, me ya sa ni da ubana ba mu yi shi ba? Yaron nan ya ce in zaɓi ɗaya, ni kuma na kasa. Ban je gidan yayata ba, don ban san me zan ce masa ba, kuma ina jin nauyin a ce uba ya bi ɗa da ban haƙuri. Amma in motar nan ta tashi da shi, ina ji a jikina ba ɗan da na sani ne zai dawo ba.

Tela mai almakashi ɗaya


Malam tela, Allah ya ƙara wa maiɗakinka lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta takardarka sau biyu, ban ga kewaye-kewaye a cikinta ba. Na ga uban da ke son ɗansa, kuma ya rubuto tun kafin mota ta tashi.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ka je gidan yayarka, kai da ƙafarka, cikin kwana ɗaya ko biyu da karanta wannan. Kada ka aika, kada ka kira a waya. Abin da za ka ce masa zan zo kansa. Amma tambayar da ka yi ta cancanci amsa, domin ita ce ta ɗaure maka ƙafa.

Ka tambaya ko samartaka halitta ce ko ƙirƙira. Jiki dai halitta ne. Tun da aka fara haihuwa a duniya yara suke miƙewa, murya ta buɗe, zuciya ta riƙa tashi da sauka ba tare da mai ita ya san dalili ba. Dattawan kowane zamani sun koka da samarinsu, har a rubuce-rubucen da suka shekara dubbai ana samun tsoho yana cewa yaran yanzu ba su da kunya. Mahaifinka ma ya sha irin wannan faɗa daga nasa mahaifin, ko ya tuna ko bai tuna ba. Abin da ke canzawa shi ne inda jama'a ke ja layi, da abin da suke sa mutum ya yi kafin ya kai layin.

A da, a yawancin duniya, gona da sana'a ne ke ja layin. Yaro na tashi a gindin aiki, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, ranar da aka ga ya iya sai a sakar masa. Ba a cika tambayar shekarunsa ba, da yawa ma ba su san su ba. Da masana'antu suka bunƙasa a wasu ƙasashe, aka kwashi ƙananan yara aka zuba a ma'aikatu da ramukan haƙar ma'adinai, suna aiki daga safe har dare, wasu suna rasa yatsu, wasu rayuka. Ɓarnar ta yi yawa har aka yi dokokin hana sa yara irin wannan aiki, aka wajabta makaranta, aka yi ta ƙara shekarunta. A nan ne aka fara ganin abin da ba a saba gani ba: ɗimbin masu jikin manya zaune a aji ɗaya, duk sa'o'in juna, ba su ciyar da kowa, ana ciyar da su. Wajen shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce masana halayyar ɗan Adam suka fara nazarin wannan zango a matsayin abu mai zaman kansa, suka ce lokaci ne na guguwa da tawaye, ba makawa. Daga baya wasu masu bincike da suka zauna cikin al'ummu daban-daban suka ce a'a, ba ko'ina guguwar ke tashi da ƙarfi ɗaya ba, ya danganta da yadda manya ke karɓar mai tasowa. Can kuma 'yan kasuwa suka gane cewa samari na da abin da suke so, aka fara yi musu tufafinsu da waƙoƙinsu daban, abin ya ƙara zama duniya guda.

Shi ya sa yau kowa da ma'auninsa. Malaman addini suna duba alamomin balaga a jiki. Doka a ƙasashe da yawa ta ce sha takwas, a da wasu sun ce ashirin da ɗaya. Ma'aikatan lafiya sukan ƙirga daga goma zuwa sha tara. Maƙwabcinka mai magani ma bai yi ƙarya ba: bincike ya nuna sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki ya sa shi tunanin ƙarshen abu, yana ci gaba da ƙwari har bayan shekara ashirin. Wannan ba ya nufin ɗan sha huɗu ba shi da hankali. Yana nufin hannunsa na iya riga birkinsa ƙwarewa, kamar wanda ya fitar da wuyan riga daidai amma bai tsaya ya ninka yadi ba. Ƙari a kan haka, a wurare da dama jiki na saurin balaga fiye da na kakanni saboda abinci da lafiya sun inganta, karatu kuma na ƙara tsawo. Zangon ya fara da wuri, ya ƙare a makare. Gajere na tsakiyar gada mai tsawon da kakansa bai taka irinta ba.

Ka ce kai da mahaifinka ba ku yi samartaka ba. A nan zan saɓa maka, kuma da takardarka zan kafa hujja. Shekara uku kana yanka takardar siminti. Aka ba ka almakashi, amma wani ke zana alli, yana tsaye a ƙeyarka. Mene ne wannan in ba zama tsakanin yaro da babba ba? An amince maka da ƙarfe mai kaifi, ba a sakar maka yadin mutane kai kaɗai ba. Ka yi samartakarka a gaban teburin yanka, ba a dai sa mata suna ba ne. Mahaifinka yana tuna ranar da ya miƙa maka almakashi, ya manta shekarun da ya yi yana shirya ka. Haka tsufa yake, yana riƙe ranar biki ya saki ranakun wahala.

Gajere bai sami wannan tsani ba. Da kyakkyawar niyya ka hana shi takarda don ya yi karatu. Sai larura ta zo, ka ɗauke shi daga guga ka ɗora shi a kan gida da shago a yini ɗaya, ya kuwa ɗauka. Da larura ta wuce ka sauke shi a yini ɗaya, ka mayar da shi kan dutsen guga ba tare da kalma ba. Ina ganin ba ranar hannun riga ka rasa yaron nan ba, ranar makulli ce. Kai a wajenka mai shago ne ya dawo. Shi a wajensa an tuɓe shi ne, ba a ce ya yi laifi ba, ba a kuma ce ya kyauta ba. Na daɗe ina koyar da masu shekarunsa, kuma abin da na fi gani yana karya su shi ne a ce musu manya in ana son aiki, a ce musu yara in sun buɗe baki. Suna jure faɗa, suna jure talauci. Wannan ne ba su jurewa.

Ban wanke shi ba. Ya san dokar shago ya karya ta, kuma yadin amana ne, na mutumin da ya yi muku alheri. Barin gida da wasa da makaranta ma kuskure ne babba. Dole ya ji wannan daga bakinka, amma a keɓe. Gyaran da aka yi a gaban masu dariya ba ya shiga kunne, ciki yake shiga ya zauna. Ka tuna mai gemun nan da ya yi dariya, watannin baya umarnin Gajere yake bi. Da wane ido kake so ya koma shagon?

Mahaifinka ya yi gaskiya rabi: saurayin da ba a ba shi nauyi na gaske ba yakan lalace, ko ya je ya nemi nauyin a inda bai dace ba, kuma motar mijin yayarka ke nan. Amma duniyar da ya ciyar da gida yana sha shida ta wuce. Telan gobe zai yi hulɗa da takardu da injuna da masu saye na nesa, saura wa yaron kuma kaɗan ya gama. Cire shi yanzu zalunci ne da zai gane bayan shekara goma. Maiɗakinka ma ta yi gaskiya rabi: har yanzu yana bukatar a tashe shi, a tambayi inda ya je, a sa masa lokacin dawowa gida. Amma wanda ya riƙe mata gida tana kwance ba za a ce masa ya koma neman safa kawai ba. Malamin ajinsu kuwa, da ya ce zai wuce, ban yarda a naɗe hannu a jira ba. Shekarun za su wuce, abin da aka yi a cikinsu ba ya wucewa.

Saboda haka kada ka zaɓi ɗaya. Ka gaya masa gaskiya, cewa tambayarsa ta fi ƙarfin amsa guda: a wasu abubuwa ya girma, a wasu da saura, kuma kai ne ya kamata ka bayyana masa wanne ne wanne tun farko. Yaro mai hankalin yin wannan tambaya yana da hankalin karɓar wannan amsa, in dai an faɗa masa dalla-dalla ba a bar shi yana lalube ba.

In ka isa gidan yayarka, ka nemi a ba ku wuri ku biyu. Ka fara da godiyar da ke kanka tun ranar da aka sallamo mahaifiyarsa. Ka ambaci abubuwan da sunansu, rakiyar auta, buɗe shago, kwanon abinci a asibiti, don ya san ka gani. Sannan ka ba shi haƙuri a kan dariyar da ka sa aka yi masa. Na san nauyin da kake ji, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan wadan ya fi ka tsawo. Uban da ya iya cewa “na yi kuskure” yana koya wa ɗansa abin da babba ke yi, ba girmansa yake zubarwa ba. Ka gaya masa wuyan rigar ya fita. Bayan duk wannan, ba kafinsa ba, sai ka zo kan yadin mutane da makaranta. In ya yi shiru ko ya ɗaure fuska kada ka hasala. Mai shekara sha shida yakan ji magana yau ya amsa ta jibi.

Ka ga mijin yayarka shi ma, cikin mutunci, ka gaya masa ba da yawunka ba. Ba na jin zai ɗauki ɗan mutum a kan ƙin ubansa. Amma kada ka fara da wannan. In ka toshe motar kafin ka buɗe masa wata ƙofa, zai nemi wata motar da ba ka san direbanta ba.

Ƙofar kuwa tana shagonka. Ka mayar da tsanin da aka yi maka. Makaranta ba fashi, wannan sharaɗi ne ba ciniki. Ranakun hutu ya yanka takarda, daga nan ya yanka kayan ƙannensa, inda kuskure ba zai taɓa amanar kowa ba. Yadin mutane sai da allinka da idonka, har ranar da ka ga ya isa, kuma ka gaya masa abin da kake jira ka gani, kada ranar ta zama gaibu. Ka bar masa wani abu guda da zai zama nasa ba mai karɓewa, ko buɗe shago ranar hutu ne, ko ɗaukar awo, tun da ya riga ya nuna ya iya. Ga kuma mahaifinka zaune a benci, ido ya raunana amma yatsu sun san yadi. Ka sa shi ya zama mai duba takardun jikansa. Zai sami abin yi da ya fi faɗa da zamani, yaron kuma zai ji daga bakin kakansa irin yadin da kai ka ɓata kana koyo, don na tabbata akwai. Mutumin asibitin nan, ku je wajensa tare, Gajere ya ba da haƙuri da bakinsa, ku nemo yadin da ya dace, ya sake yanka hannun hagu kana tsaye a bayansa. Wanda ya ɓata shi ya kamata a bari ya gyara.

Abu na ƙarshe ƙarami ne. Ka tambaye shi ko har yanzu yana son a riƙa ce masa Gajere a gaban mutane. Wataƙila ya yi dariya ya ce ba komai. Wataƙila kuma ka ga abin da zai ba ka mamaki. Ko me ya ce, tambayar kanta za ta gaya masa cewa ubansa ya lura ya girma.

Almakashin mahaifinka ya jira ka shekara uku, zai iya jiran jikansa. Motar ce ba ta jira. Ka rufe shago gobe da wuri ka tafi.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya dawo maka da shi gida cikin aminci, ya nuna maka ranar da za ka miƙa masa almakashin nan da hannunka, kakansa na zaune yana ji.